Yadda Rana, Iska Da Ruwan Sama Ke Cin Gine-gine A Batsari Da Safana

A ƙasar Batsari da Safana, watan Agusta shi ne watan faɗuwar ɗakuna. Idan aka kwana ana ruwa, ko aka yi kwana biyu sama ba ta ɗauke ba, akan wayi gari da labarin katangar da ta kwanta ko soron da ya rufta, wani lokaci har da asarar rai. Akan ce ruwa ya ci gidan, kuma haka ɗin ne. Sai dai ruwan daren ƙarasa aikin kawai yake yi. Ɓarnar takan faro ne tun watanni kafin nan, a tsagar da ɗari ya buɗe ba a toshe ba, da indararon da ya karye ba a sauya ba, da gindin bangon da ya daɗe yana shan ruwan wanka.

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin Jihar Katsina ne, a kan iyaka da Jihar Zamfara, kuma Dajin Rugu ya ratsa gefensu na yamma. A ƙidayar 2006 Batsari na da mutane sama da dubu 200, Safana kuma sama da dubu 180. A garuruwa irin su Batsari, Ruma, Wagini, Safana, Runka da Zakka, ginin ƙasa da ginin bulo suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa ma a cikin gida ɗaya: zaure na bulo da kwano, ɗakunan ciki na ƙasa, katanga rabi da rabi. Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine da kuɗin 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Katsina, Kano, Kaduna ko Abuja aka yi su, kuma masu su ba sa ganinsu sai da Sallah ko in wata hidima ta taso. Wannan ya sa sanin yadda yanayi ke cin gini ya shafi aljihun mutumin birni kai tsaye.

Abin da gini ke fuskanta a shekara

Ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan kama daga milimita 600 zuwa 900, gwargwadon kyan damina. Idan aka kwatanta da Legas ko Fatakwal, wannan ba wani abu ba ne. Matsalar ita ce kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Sauran watannin gini yana cikin bushewa ne mai tsanani.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Laimar da ke cikin iska takan yi ƙasa ƙwarai, har ta gaza kashi 20 cikin 100 da rana. Duk abin da ke riƙe da danshi sai ya sake shi: yaɓe ya tsattsage, katako ya motse, ƙofa ta saki, mahaɗar kujera ta yi sako-sako. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya haura 30. Daga Maris zuwa Mayu bazara ta karɓa, inda zafi ke kaiwa digiri 40 a inuwa, kwanon da ke cikin rana kuwa ya wuce haka da nisa. Kowane abu yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, kuma ba da ma'auni ɗaya suke yin hakan ba. Ƙarfe da katako da siminti da ƙasa kowa da tasa tafiyar, saboda haka a mahaɗarsu tsaga ke fara fitowa, wato gefen tagogi, bakin ƙofofi, da inda sabon gini ya haɗu da tsoho.

Wanda ya taɓa hawa duwatsun ƙasar Ruma ko na kewayen Dutsin-Ma ya ga wannan aiki a fili. Bayan dutsen yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, domin zafi da sanyi da ɗan ruwan da ke shiga tsaga sun shafe dubban shekaru suna sassaƙarsa. Abin da ya ci dutse a hankali shi ne ke cin bango, sai dai bango ba shi da juriyar dutse.

Daga nan sai hadarin farkon damina. Yawancinsa daga gabas yake tasowa, da guguwa da ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma iskar ce ke tura ruwan ya riƙa dukan bango a karkace. Shi ya sa a kusan kowane gari na ƙasar Hausa bangon gabas ne ya fi zaizayewa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sha'anin gini, ruwa ne ƙadangaren.

Ginin ƙasa: ƙarfinsa da rauninsa

Abin da ke riƙe ginin ƙasa shi ne yumɓun da ke cikin ƙasar. Shi ne ke manne rairayi da tsakuwa wuri ɗaya idan ya bushe. Busasshen bangon ƙasa yana iya ɗaukar nauyi mai yawa, ya kuma tare zafin rana fiye da bulon siminti, abin da duk wanda ya kwana a soro cikin Afrilu zai shaida. Amma da zarar ruwa ya ratsa shi, yumɓun ya kumbura, mannewar ta saki, bangon da jiya yake kamar dutse ya fara komawa taɓo. In ya sake bushewa sai ya tsuke ya bar tsaga, tsagar kuma ta jira ruwa na gaba.

Maginan gargajiya sun san wannan sarai, kuma kusan duk wata dabara tasu ta tsare gini daga ruwa ce. Sukan zaɓi ƙasa mai daidaiton yumɓu da tsakuwa, irin wadda ake kira birji, su kwaɓa ta da ciyawa, su bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa kafin a taɓa ta. Ciyawar ce ke hana tsagewa ta yi nisa. Tubalin da aka mulmula da hannu akan shanya shi ya bushe sosai, a jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakaninsa da kwaɓi. Bango yakan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama, ta yadda nauyinsa ke zaune a ƙasa, kuma ko ruwa ya ci wani abu daga gindin akwai saura. A saman soro akan ɗaga rawani ya kare kan bango, a karkata rufin kaɗan, a fitar da indararo mai tsawo domin ya watsa ruwa nesa da jikin gini.

Sai kuma yaɓe, wanda shi ne rigar ginin. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, ana gauraya ruwanta da ƙasa a yi yaɓe ko daɓe, sai ya yi tauri ya rage shan ruwa. Wanda ya fi ta ƙarfi shi ne laso, da ake haɗawa daga katsin marina, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Laso yakan yi wasu shekaru a kan rufi kafin a sabunta shi. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, musamman namijin, saboda gara ba ta cika iya cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin rufi a kan tazarar da ta wuce kimanin mita biyu, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe manyan ɗakuna.

Duk da haka, babu maginin da ya taɓa cewa aikinsa ya ƙare ranar da ya sauko daga tsani. Ginin ƙasa an yi shi ne a kan sharaɗin za a riƙa gyara shi kowace shekara, bayan an gama kaka, a toshe tsaga, a ƙara yaɓe, a daɓe rufi. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina, mai tsawon kusan mita 15, wadda tarihin baka ke danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta kai yau ne saboda an yi ta sabunta jikinta. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907, mutanen gari ne ke fitowa gaba ɗaya kowace shekara su yaɓe shi a rana guda.

Ta hanya uku ruwa ke kayar da ɗakin ƙasa. Ta farko daga sama ce. Rufin soro yana da nauyi tun yana bushe: ɗaki mai mita uku tsawo da uku faɗi, da ƙasa mai kaurin santimita 20 a kansa, yana ɗauke da sama da tan uku. Idan indararo ya toshe da leda ko ganye, ruwa ya kwanta a sama, ƙasar ta sha ta ƙara nauyi, a daidai lokacin da kan bangon da azara ke zaune a kai yake yin laushi. Irin wannan rufi ba ya ba da dogon gargaɗi, kuma shi ne mafi yawan kashe mutane cikin dare. Ta biyu daga gefe ce, wato ruwan da iska ke watsawa yana wanke yaɓe. Wannan a hankali yake ci, kuma ana ganinsa. Ta uku, wadda aka fi rainawa, daga ƙasa ce. Ruwan da ya faɗo daga rufi yana fantsama ya daki gindin bango, ruwan da ya kwanta a lungu yana jiƙa shi, danshin ƙasa kuma yana hawa cikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Danshin na tafe da gishiri, daga ƙasar kanta, ko daga fitsarin dabbobi da ruwan makewayi. Idan ruwan ya bushe sai gishirin ya daskare a cikin ƙananan ramukan bango ya riƙa farfasa su. Farin garin nan mai kama da kanwa da ake gani a gindin katanga alamar haka ce. A hankali gindin ya rarake, bango ya rasa abin tsayawa, ya kife.

Ba ƙananan ɗakuna kawai wannan ke samu ba. A ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufin Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajen shekarun 1830, ya rufta kan masallata lokacin sallar La'asar, aka rasa rayuka. An ba da rahoton cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin faruwar lamarin. A farkon Satumba 2024 kuma, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa.

Siminti a kan ƙasa

Da yake yaɓen shekara-shekara yana da wahala, mutane da yawa sun koma shafe ginin ƙasa da fulastar siminti, da tunanin an huta ke nan. A cikin dukkan gyare-gyaren da ake yi wa gidajen yankin, da wuya a sami wanda ya kai wannan yaudara. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba ya motsawa tare da ita idan ta kumbura ko ta tsuke. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ko ta kan bango, ya rasa hanyar fita domin simintin ya toshe masa numfashi. Daga waje gida yana da kyau, har da fenti, a ciki kuwa bango yana narkewa. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji yana amsawa kamar ganga, fulastar ta riga ta rabu da bango. Ranar da za ta faɗo, falle guda take faɗowa, ta bar rami a bayanta.

Wani sauyin shi ne na kaurin bango. Bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwatin katako ya maye gurbin tubali a wurare da dama saboda saurinsa, amma bangon da ake yi da shi siriri ne, kaurinsa ɗaya daga ƙasa har sama, sau da yawa kuma ba shi da wani harsashi na kirki. Irin wannan bango ba shi da abin da zai bayar idan ruwa ya fara cin gindinsa. Da yawa daga ɗakunan da ake cewa ginin gargajiya ne ya faɗi, a gaskiya ba su bi ƙa'idar gargajiyar ba, ba su kuma bi ta zamani ba.

Bulo, kankare da rodi

Akwai masu ɗaukar cewa ginin bulo ya fi ƙarfin yanayi. Ya fi ƙasa jure ruwa, babu shakka, amma nasa raunin yakan shiga ne tun ranar da aka buga bulon. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kuma yana buƙatar danshi na aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi. To amma yawancin gini a wannan yanki da rani ake yin sa, lokacin da hanya ta bushe, ma'aikata suka dawo daga gona, kuma lokacin da ruwa ya fi tsada. Bulon da aka buga cikin iskar hunturu, aka yayyafa masa ruwa sau ɗaya ko biyu aka loda a mota, ya bushe kafin ya nuna. Haka dakin ko daɓen da aka zuba da tsakar rana aka bari ba rufi: kafin yamma ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da ƙa'idar ƙarfin bulo, kuma haɗin da aka saba ba da shawara shi ne kashi ɗaya na siminti ga kashi shida zuwa takwas na yashi. Binciken da jami'o'in ƙasar nan suka yi a garuruwa daban-daban ya sha nuna cewa bulon kasuwa yana gaza wannan ƙa'ida, saboda ana miƙe buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka haɗa da yashin rafi mai cike da laka, sai a sami bulon da farce ke iya kankarewa. Irin wannan yana shan ruwa kamar soso, kuma gishiri yana cin gindinsa kamar yadda yake cin na ƙasa. Fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa tsawon gwiwa, a gidaje da makarantu da shaguna, danshi ne mai hawa. Maganinsa tun a harsashi yake, wato shimfiɗar leda mai kauri ko kwalta da birkiloli ke kira DPC, da ɗaga daɓen ɗaki sama da ƙasar waje. Kuɗinta kaɗan ne ranar gini, amma sanya ta bayan an gama gida babban aiki ne.

Rodi kuwa kankare ne ke kare shi daga tsatsa, muddin an lulluɓe shi da kauri na aƙalla inci ɗaya kuma kankaren ya cushe da kyau. Idan ruwa da iska suka kai gare shi, tsatsar da ke fitowa takan ninka girman ƙarfen da ta ci sau biyu zuwa shida, sai ta tura kankaren daga ciki ya fashe. Bushewar yankin tana rage saurin wannan idan aka kwatanta da bakin teku, amma akwai wani hali da ke taimaka wa tsatsa: ginin albashi. Ma'aikaci yakan kai gini linta, kuɗi su yanke, a bar shi shekara uku ko biyar, rodi a tsaye a sarari, ramukan bulo a buɗe suna tara ruwa duk damina. Idan aka dawo ci gaba, a kan abin da ya riga ya gaji ake ɗora sabon nauyi. Wanda ya san zai dakata, ya fi masa ya toshe kan bulon da siminti ya shafe rodin, ko ya gama ɗaki biyu ya rufe su maimakon ya tayar da shida ya bar su a buɗe.

Kwano da guguwa

Kwano ya rabu da matsalar nauyin rufin ƙasa, ya zo da tasa. Fallen kwanon ƙarfe mai mita uku yana miƙewa da kusan milimita ɗaya da rabi idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40. Dogon falle na alminiyom mai mita 10 kuwa yana miƙewa da kusan milimita 9. Wannan motsi kullum ne, safe da yamma, kuma shi ne ƙarar da ake ji a rufi idan rana ta faɗi. A hankali yana faɗaɗa ramin ƙusa, rana kuma ta busar da robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar ta farfashe. Daga nan yoyo ya fara, katakon da ke ƙasa ya jiƙe, gara ta same shi da laushi.

Guguwar Mayu da Yuni ba tura rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, musamman a kusurwa da gefe. Idan taga ko ƙofa ta buɗe ta ɓangaren iska, sai matsin cikin ɗaki ya ƙaru ya taimaka wajen ɗaga shi. Rufin da ba a ɗaure katakonsa da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin bango ba, gaba ɗaya yake tashi. Azuzuwan makarantun firamare sun fi fuskantar haka, domin dogaye ne, a fili suke, tagoginsu kuma galibi a karye. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake gani a kan rufi a ƙauyuka amsar talaka ce ga wannan matsala. Bishiyoyi irin su bedi, wato darbejiya, suna rage ƙarfin iska idan suna ɓangaren gabas, amma idan suka matso jikin gini saiwarsu na iya ɗaga harsashi.

Akwai kuma lissafin da ba kasafai ake yi ba. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan dare ɗaya na milimita 50, zai zubar da lita 5,000, wato duro 25. Kwano ba ya riƙe ko ɗigo, nan take yake sako shi. Idan bakin rufin gajere ne kuma babu magudana, duk wannan a gindin bango yake sauka, ko a gindin katangar maƙwabci mai ginin ƙasa. Rigingimu da yawa da ke zuwa gaban mai unguwa da damina daga nan suke tasowa.

Ruwan yanzu ba irin na da ba ne

Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, ruwa ya dawo yankin Sahel, amma da wani hali daban. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, ƙarƙashin jagorancin masanin yanayi Christopher Taylor na Birtaniya, ya duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru 35, ya gano cewa yawan manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Ga manomi, jimillar ruwan shekara da rabuwarsa ce abin dubawa. Ga gini kuwa, abin da ya zuba a awa biyu shi ne abin tsoro, domin shi ne ke fin ƙarfin indararo da kwata da kwalbati.

Jibiya, maƙwabciyar Batsari ta arewa, ta ga haka a tsakiyar Yuli 2018, lokacin da ruwan dare ɗaya ya haddasa ambaliyar da ta kashe sama da mutum 40 ta kuma rushe gidaje sama da 500. Sare itatuwa da noma har bakin rafi suna ƙara saurin gangarowar ruwa, kuma garuruwa sun faɗaɗa zuwa cikin fadamu da hanyoyin ruwa da magabata suka bari fili. Kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu, waɗanda a da suke karɓar ruwan unguwa, an cike wasunsu da shara an yanka filaye. Gidan da aka gina a kan cikon kududdufi yakan zauna ba daidai ba, ya tsage daga harsashi ko da bulonsa mai kyau ne.

Gidan da babu kowa

Batsari da Safana suna da wani dalili da ya sa yanayi ke samun galaba a kansu fiye da wasu wurare. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta tun daga wajen 2019 sun tayar da ƙauyuka da dama na gefen Dajin Rugu, mutane suka koma cikin garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina, wasu har Jihar Maraɗi ta Nijar. Gidan ƙasa da aka bari ba ya jiran mai shi. Damina ta farko ta toshe indararo ta wanke yaɓe, ta biyu ta karya rufi, ruwa ya riƙa zuba a tsakiyar bango, ta uku ta mayar da shi tsibi. Inda aka sa wuta kuwa, ko da bangon ya tsaya, azara da jinka sun tafi, ya zama ba shi da hula. Rumbuna ma haka. Iyalin da suka sami damar komawa bayan shekara biyu ko uku sukan tarar da cewa gini ne sabo a gabansu, ba gyara ba.

A garuruwan da aka gudo kuma, cunkoso ya ƙaru. Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu ya ɗauki goma, ruwan wanka da wanki ya ninka a lungun da ba shi da kwata, aka kuma yi ta ɗora ɗakuna cikin gaggawa da bulon da bai bushe ba. Kayan gyaran gargajiya su ma sun yi wuya. Giginya ta ragu, shiga daji neman ta ko neman dafara ya zama kasada, marinun da ke ba da katsi sun mutu a garuruwa da yawa, matasan da za su gaji magina kuma sun koma birkila ko sun tafi ci-rani. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matse bulon jar ƙasa da ake sa wa ɗan siminti kaɗan, wanda ya fi bulon ƙasa jure ruwa kuma ya fi na yashi sanyi, amma har yanzu bai zama abin da ake samu a kowace kasuwar ƙauye ba.

Alamomi da lokacin gyara

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Sirara masu kama da gashi a fuskar fulasta yawanci na bushewa ne. Wadda ta kamata a kira magini ko injiniya a kanta ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda aka toshe ta sake buɗewa. Ana iya gwada ta da ɗan siminti a liƙa a kan tsagar a rubuta kwanan wata: idan ya fashe bayan makonni, ginin yana motsi. A ɗakin soro, azarar da ta lanƙwasa, ƙasar da ke zubowa daga rufi, ƙofar da ta fara cijewa cikin damina, ko ƙara kamar ta karyewar kara, duk dalilai ne na kwashe iyali daga ɗakin a wannan daren, ba sai gari ya waye ba.

Lokacin duba gida shi ne Oktoba, da zarar ruwa ya ɗauke, domin a lokacin tabon yoyo da layin danshi suna nan a fili. Yaɓen ƙasa ya fi kyau a yi shi bayan ɗari ya wuce, kafin ruwan farko, domin wanda aka yi a tsakiyar hunturu yakan tsage tun bai ga damina ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin faɗuwar ruwa a sassan kowace jiha. Mai gida a Batsari ko Safana da ke zaune a birni, idan zai aika kuɗin ƙusa da indararo da yashe kwata, a Maris ko Afrilu ya kamata su isa hannun mai aikin.